Kafin ka sayi tocila a Zariya, a buɗe maka ka ga batirin

A layin masu kayan wuta na kasuwar Sabon Gari, ko a teburan da ake bajewa a PZ da Kwangila, abin da ke fara ɗaukar ido shi ne lambar da ke jikin kwali. Wannan ta ce lumen 20,000, ta kusa da ita ta ce 100,000. Mai saye ya ɗauki wadda lambarta ta fi tsawo, ya biya, ya yi gaba. Kafin wata uku tocilar ta koma hannun yara.

Lissafin ba shi da wuya. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa gaba ɗaya. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, mai zafin nan da muka taso da shi, yana ba da wajen lumen 800. Hasken wayar hannu bai cika wuce 50 ba. Ƙwan LED mai kyau, idan an matsa masa, yana ba da kusan lumen 100 a kowane wat ɗaya. Ke nan lumen 100,000 na neman wat 1,000, cin wutar dutsen guga. Ƙaramin janareton masu aski ma ba zai ja ta ba, balle batir guda mai tsawon ɗan yatsa. Yawancin tocilolin nan masu zuƙowa da ake rubuta wa T6, sunan ƙwan XM-L na kamfanin Cree na Amurka suke ara, alhali shi kansa na asalin iyakarsa wajen lumen 1,000 ne.

Kamfanonin da ke tsoron zubewar sunansu suna bin wata ƙa'idar awo mai suna FL1, wadda aka fito da ita a Amurka a 2009, kuma za ka ga alamarta a kwali. Ita ma sai an san yadda ake karanta ta. In an rubuta awa 8, ana nufin lokacin da hasken zai ɗauka kafin ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara, ba wai zai yi awa 8 yana ƙyalli ba. In an ce tana kai mita 300, ana nufin wurin da haskenta ya koma kamar na farin wata daren sha huɗu. Nisan da za ka iya bambance mutum da kututture, raba lambar biyu, ka ma rage. Mataki mafi ƙarfi kuwa na 'yan mintoci ne: ƙwai na yin zafi, tocilar ta rage hasken da kanta don kada ta ƙone. Matakin tsakiya shi ne wanda za ka zauna da shi, don haka shi za ka tambaya.

Sai kuma yadda hasken ke fita. Kamar tiyo ne: ruwan da ke zuba ɗaya ne, amma in ka danne bakin da babban yatsa sai ya yi tsiri ya tafi nesa. Tocila mai babban kai da madubi mai zurfi tana tattara haskenta wuri guda ta harba shi nesa. Ita ce ta mai gadi, da 'yan sintirin unguwa, da mai noman rani da ke zagaya lambunsa a fadamar Galma da dare. Amma ka ba wa bakanike ita ya leƙa ƙarƙashin mota, sai ta kashe masa ido: tsakiya fari fat, gefe duhu. Shi abin da yake so haske ne mai bazuwa, irin na fitilun aikin da ake kira COB, waɗanda ƙwansu falle ne mai ruwan ɗorawa. A sami mai maganaɗisu a gindi da ƙugiya a kai, ya manna ta a jikin bonet ya samu hannuwansa biyu.

Masu zuƙowa, da ake ja a tura, suna alkawarin yin aikin biyu. Ni ba na ba da shawararsu. Idan ka zuƙo, babban kaso na hasken yana maƙalewa a cikin bututun, sai a bar ka da ɗan murabba'i a bango. Kuma duk ja da turawa iska suke shaƙa, tare da ƙurarta.

Amma duk wannan ƙaramin zance ne a kan batir. Ƙwan LED ba ya saurin mutuwa. Abin da ke kashe tocila a garin nan, kusan kullum, batirinta ne. Iri uku ne a kasuwa.

Na farko shi ne batirin dalma mai bol 4, ɗan baƙin akwati mai nauyi da ke cikin galibin fitilun roba masu haƙora biyu da ake sokawa kai tsaye a soket. Arha gare shi, kuma ko'ina akwai. Matsalarsa ita ce halinsa bai dace da wutarmu ba. Yana son caji mai tsawo, awa 8 ko fiye, kuma ba ya yafe a bar shi a sauke: kwana kaɗan ba caji, farantan cikinsa su yi gishiri, shi ke nan ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. A unguwar da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke, batirin bai taɓa cika ba tun ranar da aka saye shi. Ga shi kuma ba ya cajuwa da fawa-banki ko a mota.

Na biyu manyan batura na zubarwa, irin na rediyo. Har yanzu suna da ranarsu, musamman ga wanda zai kwana biyu a ƙauye. Sai dai kuɗinsu na taruwa a hankali, kuma in aka manta su a ciki suna yoyo su cinye sifirin.

Na uku, wanda nake so mai karatu ya riƙe lambarsa, shi ne 18650. Batirin lithiyam ne mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, irin wanda ke jere a cikin batirin tsofaffin laftof. Yana aiki a bol 3.7, ya cika a 4.2. Na ƙwarai, daga Samsung ko LG ko Panasonic ko Molicel, ƙarfinsa tsakanin 2,500 ne zuwa 3,500mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), nauyinsa kuma wajen giram 45. Babu 18650 mai 9,900mAh a duniya. Duk wanda ka ga an rubuta masa haka, jabu ne, kuma da ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau. Na ƙwarai mai 3,000mAh zai riƙe lumen 1,000 na kusan awa ɗaya, ko lumen 100 na wajen awa 10, wanda ya ishi tsakar gida tun daga magariba har asuba. Yana jure caji sau 300 zuwa 500 kafin ya fara gajiya, bai damu da a cika shi rabi a cire ba, kuma in ya mutu sai ka kwance gindin tocilar ka sa wani. Akwai yayansa 21700, mai wajen 5,000mAh, ga mai son wadda za ta daɗe kuma bai damu da kauri ba.

Shi ma yana da sharaɗi. Duk jikinsa na ƙarfe waya ce, ledar da aka naɗe shi da ita ce kawai kariya. In ta yage, kada a yi amfani da shi. Kada a jefa shi aljihu tare da makullai. Kada a bar shi cikin mota a rufe a zafin Maris da Afrilu, kada kuma a yi cajinsa a kan katifa. Wanda ya kumbura ko yake zafi ba dalili, a rabu da shi. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa tsirara, daga matattun laftof aka ciro su aka sake musu riga. Duba kansa da gindinsa, in ka ga ɗigon walda ko alamar an kankare, ka san tarihinsa.

Ramin caji kuma, a nemi USB-C, irin na wayoyin yanzu. Da shi za ka yi caji da cajar wayarka, da fawa-banki, da sola, ko ka miƙa wa mai cajin waya na bakin layi.

Ga ɗaki da shago, fitilun caji na Lontor da Qasa da Kamisafe da DP su suka cika kasuwa, kuma kamfani ɗaya kan yi mai dalma ya yi mai lithiyam, saboda haka sunan bai isa ba, sai an karanta bayan kwali. Wanda wutar unguwarsu ba abin dogaro ba ce, ya duba na sola irin su Sun King da d.light. Da yawansu na amfani da wani nau'in lithiyam, LiFePO4, mai bol 3.2, wanda ke jure caji sau 2,000 ko fiye kuma ya fi haƙuri da zafi. Haskensu ba na burga ba ne, amma ɗalibin da ke karatun jarrabawa a Samaru ko Kongo ba burga yake nema ba. Kafinta ko mai wayarin da ya riga ya mallaki na'urar huda mai batir ta Ingco ko Makita ko DeWalt, ya sayi fitilar aiki ta gidan, batir ɗaya ya yi masa duka. Kada bol 18 da bol 20 su ruɗe shi, abu ɗaya ne: ƙwayoyin batir biyar ne a jere, wani ya rubuta awonsu suna aiki, wani ya rubuta suna cike.

Tocilar goshi ita ce aka fi rainawa, kuma ita ta fi aiki. Mai shayi, mai tsire, mai facin taya, uwar gida a madafa lokacin sahur, duk hannu biyu suke bukata. A zaɓi marar nauyi, wadda kanta ke lanƙwasowa ƙasa, mai ƙaramin mataki sosai. Lumen 5 ya isa a duba jariri ba a tashe shi ba. Masu tilasta maka ka bi ta ƙarfi, matsakaici, sannan walƙiya kafin su mutu, suna da ban haushi fiye da yadda ake zato.

Launin haske ma abin dubawa ne, kuma a nan masu ɗinki su matso kusa. Ana auna shi da K. Mai 6,500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, shi ya fi yawa don ya fi ɗaukar ido a shago. Mai 4,000K ya yi kusa da hasken hantsi, 3,000K kuma ja-ja ne. A hunturu, lokacin da hazo ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, farin nan mai shuɗi yana dawo maka a ido, ka ga ƙura kawai a gabanka; mai ɗumi ya fi daɗin gani. Akwai kuma lambar CRI, wadda ke nuna yadda haske ke fito da launi na gaskiya, iyakarta 100. Galibin na kasuwa 70 ne. Mai aikin babbar riga ko hula a cikin birni, da zai bambance zare ruwan toka da ruwan ƙasa, ko mai gyaran waya da ke neman jar waya cikin ruwan goro, ya nemi 90 zuwa sama. Ƙwan Nichia 519A na Japan ya yi suna a wannan fanni.

Ruwa da ƙura: lambar IP ce ke nuna juriyar tocila. IPX4 yayyafi kawai take jurewa, IPX7 za ta yi minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya, IP67 kuma ta haɗa da hana ƙura shiga. Mai aikin waje a markar Agusta kada ya yi ƙasa da 7. Kwance gindin ka ga ko akwai zoben roba a inda murfin ke murɗuwa.

Tunda da rana ake ciniki, gwaji sai da dabara. Ka ce, "Alhaji, don Allah a ba ni biyun nan in shiga ciki da su." A can ƙuryar shago ka haska kowace a silin, ka dubi ƙasa: wadda ta fi haskaka ɗakin ita ta fi lumen, ko me kwali ya ce. Ka bar ta a kunne minti biyar kuna gaisawa. Mai jikin alminiyam za ta yi ɗumi a hannunka, kuma alheri ne, zafin na fita ke nan. Ka sa ta a ƙaramin mataki ka kaɗa yatsunka a gabanta. In ka ga yatsun sun rarrabu kamar goma sha, haskenta na ƙiftawa, kuma zai iya sa ciwon kai a dogon karatu. Sannan ka nemi a buɗe batirin. In ya ce, "Ai Malam wannan a like take, ba a buɗewa," to ka san ranar da batirin ya mutu tocilar ta mutu, sai ka yi tayi daidai da haka. Siyan na gari mayar da kuɗi gida, amma na garin ba a kwali ake gane shi ba.

Masu tara tociloli don sha'awa, mu da ake yi wa dariya a gida har ranar da taransifoma ta lalace, ina ba su shawara su tsaya a kan batir iri ɗaya, su bambanta aikin: ta aljihu, mai harbi nesa, ta goshi, ta maganaɗisu. In da sauran canji, a ƙara 'yar ƙarama mai hasken UV, wato mai hasken nan ruwan shuni. Tana fito da alamun tsaro na takardar naira, kuma kunama na ƙyalli kore-kore a ƙarƙashinta, abin da duk mai shimfiɗa tabarma a tsakar gida da bazara zai so ya sani. Ba a haska ta a ido.

Tocilolin kamfanoni irin su Convoy, Sofirn, Wurkkos, Fenix da Nitecore, galibi sai an yi oda ta intanet ko an ba wa mai zuwa Legas ko Kano saƙo. Convoy S2+ ita ce ƙofar shiga ga mutane da yawa: ƙarama, alminiyam, batir 18650 guda, kuma kai za ka zaɓi ƙwai da launin da kake so. Amma a karanta tallar da kyau. Tun 2016 aka hana ɗora baturan lithiyam tsirara a matsayin kaya a jiragen fasinja, shi ya sa sau da yawa tocilar kan iso ba batir, wasu kuma ba su da ramin caji, sai an sayi caja daban. A tambayi kuma wane irin kan batir take karɓa, mai tsini ko shafaffe, domin batir mai da'irar kariya yana kai milimita 69, kuma ba kowace tocila ce murfinta zai rufu a kansa ba.