Hattara da masu sayar da tikitin bogi na wasan dandali a Bauchi

Jama'ar Bauchi, don Allah a yi hattara. Akwai wani talla da ke yawo a Facebook da rukunonin WhatsApp, wai za a farfaɗo da wani tsohon wasan kwaikwayo na dandali, kuma wani babban jarumin Kannywood ne zai hau dandamali da kansa a nan cikin gari. Babu wannan wasa, 'yan damfara ne. Ba zan ambaci sunan jarumin ba, don shi ma hotonsa aka sata, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sun san inda suka ɗana tarkonsu. Dattawan da suka taso zamanin su Samanja da Karkuzu suna kewar wasa irin na da, matasa kuwa burinsu su ga jarumin ido da ido, ba ta fuskar waya ba. Sai aka kasa tikitin kashi uku: na naira 3,000, na 10,000, da kuma "tebur" na 50,000, wai har da ɗaukar hoto da jarumin bayan an tashi. Akwai ɗan bidiyo ma da yake gayyatar mutanen Bauchi, amma duk wanda ya ƙura masa ido zai ga bakin da muryar ba sa tafiya tare. Tsohuwar hira ce aka yanko aka ɗora mata murya da kwamfuta.

Idan ka yi musu magana, lambar asusu za su turo, kuma sunan da zai fito kafin ka danna tura kuɗin na wani mutum ne can, ba kamfani ba, ba ƙungiyar wasa ba. Ka tambayi zauren da za a yi, a ce sai ana gobe za a sanar "saboda tsaro". Ka ce za ka kawo kuɗin hannu Wunti ko Yelwa, a ce kujeru sun kusa ƙarewa, ka dai tura. Tikitin kuwa hoto ne kawai, lamba ɗaya aka raba wa kowa.

Abin da ya kamata ya fara ba mutum shakka shi ne, wasan dandali ba ya ɓuya. Ba fim ba ne da za a ɗauka a Kano a turo. Sai an kama zaure an biya, an yi makonni ana gwaji, an nemo masu fitilu da lasifika da kafintocin da za su haɗa dandamali. A gari kamar Bauchi, da ana irin wannan shiri, da tuni 'yan wasanmu na gida sun sani, da an ji sanarwa a gidajen rediyon BRC ko Globe FM, da shi jarumin ya saka a shafinsa na ainihi. Ni dai ban ga dalilin da mai shirin gaskiya zai ɓoye sunan zaure ba, alhali cika shi yake nema.

Mafi muni shi ne zagaye na biyu. Matar wani maƙwabcina ta sayi na kanta da na 'ya'yanta. Ana nan sai ga kira: "Hajiya, ranki ya daɗe, a yi mana afuwa, oga ya samu uzuri an ɗage wasan. Kuɗinki za mu mayar yanzu, karanto mana lambar da ta shigo wayarki." Baiwar Allah ta karanto, har da godiya. Lambar sirri ce ta banki, kuma abin da suka kwashe ya ninka kuɗin tikitin nesa ba kusa ba. Mai mayar maka da kuɗi lambar asusunka kawai yake buƙata, mai lambobi 10. Ba ruwansa da BVN ɗinka, ko lambobin katinka, ko saƙon da banki ya aiko maka.

Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa nan take da shaidar turawar, don a nemi toshe asusun kafin a zare kuɗin, ya kuma adana hoton hirarsu da lambar wayar tun ba su goge shafin ba. Daga nan sai ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ofishin EFCC na shiyya da ke Gombe. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Wannan kuma ya shafi yaran da ake ba 'yan kuɗi su ara wa wani asusunsu, domin idan bincike ya tashi, sunan da ke kan asusun ake fara nema.