Shagon tura fina-finai da ya san masu kallonsa

Kusan shekara biyu ke nan ina kai wayata wani ƙaramin shagon tura fina-finai da ke wani lungu a Fagge, cikin birnin Kano. Kuɗin da ake karɓa bai kai na datar da mutum zai ƙona a YouTube ba, kuma kayan aikin ba su wuce kwamfutoci biyu, tarin igiyoyin caji, benci ɗaya da ƙaramin janareta ba. Babban jarin mai shagon shi ne sanin kowane mai kallo da abin da ransa yake so.

Na taɓa ganin wani yaro ya miƙa masa memori ya ce kakarsa ce ta aiko shi, bai ko ambaci sunan fim ba. Mai shagon ya tura abin da zai tura, sannan ya ce, "Ka gaida Hajiya, ka ce mata na ɗora daga inda ta tsaya." Haka yake rarrabe mai son fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa, da mai bin shirye-shirye masu dogon zango waɗanda suka mamaye kasuwa tun wajen 2020, da dattijon da har yanzu yake cigiyar fina-finan zamanin kaset.

A kan bencin nan ake tafka muhawara bayan la'asar tsakanin masoyan Ali Nuhu, waɗanda ba sa kiransa da komai sai Sarki, da masoyan Adam A. Zango. A nan na lura cewa ɗora hoton jarumi a fuskar waya ba ya sa a karɓe ka a cikinsu, domin sai ka faɗi fim ɗin da ya fito da shi, da wanda ya rera waƙar ciki, da wadda suka fito tare. Wanda ya kasa, ɗan kallo suke ce masa, ba masoyi ba.

Shagon yana da nasa aibin. Sau biyu ana maimaita mini kashi ɗaya da suna daban, kuma wani lokaci ana matse fim har hoton ya dusashe. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, yawancin shirye-shiryen nan masu su suna samun kuɗi ne daga yawan kallon da aka yi a tashoshinsu na YouTube, don haka duk kashin da aka tura ta igiya, ba ko sisi da zai kai ga wanda ya zuba dukiyarsa. Da na yi wa mai shagon maganar, ya ce mini yawancin masu zuwa wurinsa ba su da halin sayen data, kuma ban ƙaryata shi ba. Ni dai yanzu sabon kashi a tashar mai shi nake kallonsa, shagon kuma ina komawa ne saboda tsofaffin fina-finan da ban samu a ko'ina ba, da kuma hirar benci.