Sharhi: Hannibal da ankwar da Clarice ta ɗaura

Sau biyu na kalli fim ɗin Hannibal cikin mako guda. Kallon farko da dare ne, ni kaɗai, kuma akwai wurare biyu da sai da na kawar da kai daga allon. Abin da ya mayar da ni karo na biyu shi ne na kama kaina ina fatan kada a cafke mutumin da na san sarai yana kashe mutane yana cin namansu, abin ya tsaya mini a rai. Wanda bai kalla ba ya sani, zan taɓa ƙarshen labarin.

Fim ɗin ya fito a 2001, Ridley Scott ne ya ba da umarni, an kuma ciro shi daga littafin Thomas Harris na 1999. Ci gaba ne na The Silence of the Lambs na 1991, wanda ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar. Anthony Hopkins ya dawo a matsayin Dokta Hannibal Lecter, wato mai cin naman mutanen, amma Jodie Foster ba ta dawo ba, sai aka bai wa Julianne Moore rawar Clarice Starling, jami'ar FBI. Da farko na yi ta laluben Foster a fuskarta. Kafin tafiya ta yi nisa na haƙura, domin wannan Clarice ɗin shekara goma ta ƙaru, aiki ya ci ta, manyanta sun ɗora mata laifin wani samame da ya ɓaci a kasuwar kifi. Moore ta iya nuna gajiyar mutumin da ya riƙe gaskiya har ta zame masa kaya.

Shi kuwa Lecter yana Fulorens ta ƙasar Italiya, ya sauya suna zuwa Dokta Fell, yana lacca a kan Dante, tsohon mawaƙin Italiya, yana zuwa opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, yana neman kujerar mai kula da ɗakin karatu na Capponi. Wani sufeton 'yan sanda, Rinaldo Pazzi, ya gano shi, amma maimakon ya kama shi sai kwaɗayin ladan dala miliyan 3 ya ja shi. Mai ba da ladan shi ne Mason Verger, attajirin da Lecter ya bari da rai amma ba fuska. Pazzi ya ƙare a rataye a jikin Palazzo Vecchio, tsohuwar fadar birnin, kamar yadda aka yi wa kakansa Francesco bayan makircin da aka ƙulla wa masu mulkin Fulorens a 1478. Wannan ɓangaren ya yi kyau a ido, sai dai ya ja da yawa, har na fara tambayar ina Clarice ta shige.

Abin da ya riƙe ni shi ne tsakanin su biyun. Kusan duk tsawon fim ɗin ba sa haɗuwa. Ita tana wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana sauraron tsofaffin kasusuwan hirarsu, muryarsa na cika mata kunne. Shi kuma, da ya ji an wulaƙanta ta, sai ya rubuto mata wasiƙa, takardar na ƙamshin wani man shafawa na musamman, kuma ta wannan ƙamshin ne aka bi sawunsa. Mutum mai wayon Lecter ba ya irin wannan kuskure. So yake ta neme shi. Daga baya a tashar jirgin ƙasa ta Union da ke Washinton, yana mata magana a waya tana waige-waige cikin cunkoso, ya wuce a kan lilon yara ya shafi gashinta, ba ta ma ankara ba. Daƙiƙa ɗaya ce tak, amma tsigar jikina ta tashi, ban kuma iya tantance tsoro ne ko tausayi ba.

Me ya gani a jikinta? A fahimtata, Lecter ya raina kowa, domin duk wanda ya gwada ya same shi da farashi. Clarice ce kaɗai ba ta sayuwa. To a nan ƙullin yake: abin da ya sa yake sonta shi ne kuma abin da zai hana ta zama tasa. Ranar da ta bi shi, ta daina zama wadda ya so.

Shi ya sa wurin firij ɗin ya fi komai a gare ni. Da mutanen Verger suka kama Lecter, ta je ta kuɓutar da shi daga aladun dajin da Verger ya tanada su cinye shi, domin ba za ta bari a yi wa ko da irinsa hukunci a bayan doka ba. Aka harbe ta, ya ɗauke ta a hannu ya fita da ita, ya cire harsashin ya ɗinke raunin. Da ta farfaɗo, tana tangaɗi da magani a jiki, abin da ta fara nema shi ne waya ta kira 'yan sanda. Bayan waccan mummunar liyafar da aka yi da ƙwaƙwalwar Paul Krendler, jami'in Ma'aikatar Shari'a da ya ci amanarta, wadda ba zan bayyana ba, ya danne gashinta da murfin firij, ya tambaye ta ko za ta taɓa roƙonsa ya daina kisa saboda son da yake mata. Ta ce ko a shekara dubu ba za ta yi ba. Ya sumbace ta, hawaye na zubo mata, sai ƙarar ankwa: ta ɗaure hannunsa da nata. Motocin 'yan sanda na matsowa, ta ƙi ba da makulli, ya ɗaga wuƙar sara. Da aka sake nuna ta, hannayenta biyu lafiya lau. Shi ne muka gani a jirgi da hannu a rataye.

A littafin, su biyun sun gudu tare sun zama masoya a Buenos Aires. Na ji daɗi ƙwarai da fim ɗin ya ƙi bin wannan hanya. Da ya bi, da ya ci amanar matar da ta wanke jini daga jikin wani jariri da hannunta a samamen kasuwar kifi, jikinta na rawa bayan ta harbe uwarsa.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne yadda aka yi mana dabara. An kewaye Lecter da mutanen banza: Verger mai lalata yara ne, Krendler maci amana ne mai raina mata, Pazzi kuma kuɗi ya rufe masa ido. Da haka sai mai kallo ya ga kamar Lecter ne mai mutunci a cikinsu, ga kiɗan Hans Zimmer mai sanyi na taya shi. Amma tsohon mai kula da ɗakin karatun da ya ɓace don Lecter ya samu gurbinsa fa, me ya yi wa wani? Fim ɗin ya ambace shi ya wuce. Sai a kallo na biyu na tsaya a kansa, na kuma ji nauyin yadda na manta da shi a karon farko.

Ba fim ba ne na yara, ba kuma na mai saurin tashin zuciya ba. Bai kai na 1991 tsauri da natsuwa ba, inda taɓa yatsa ɗaya ta tsakanin ƙarfen keji ta wadatar. Amma wanda zai iya jure jinin, ya daure ya kai minti ashirin na ƙarshe. Ni dai har yanzu ina ganin Clarice a bakin tafkin gidan Krendler cikin baƙar riga, ta ɗaga hannu sama tana faɗa wa 'yan sanda sunanta, wutar biki na fashewa a sararin sama, idonta na kan ruwan da take zaton ta nan ya bi.