Millennium Park ko Tafkin Jabi: ina za a kai iyali shan iska da yamma?

Malam, ka kwashi maiɗakin da yaran nan uku ka kai su Millennium Park. Tafkin Jabi kuwa ka bar shi sai ranar da albashi ya shigo. Tunda ka ce abin hannunka bai taka kara ya karya ba, kuma zafin Abuja ya hana ku zaman ɗaki da yamma, wannan ita ce shawarar da zan ba ƙanena ma.

Kuɗin fita da yara bayan an wuce ƙofa yake ƙarewa. A Millennium abin da aka je nema shi ne ciyawa da inuwa da fili, kuma babu mai sayar maka da su. A Jabi duk abin da zai ja idon yaro na kuɗi ne: jirgin ruwa, doki, ga katafaren kanti a gefe yana ƙyalli. Yaro ba zai zauna a bakin ruwa yana kallon 'yan'uwansa cikin jirgi ya yi shiru ba. Ko dai ka biya, ko ka koma gida da masu kuka.

Millennium yana Maitama, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton da Unity Fountain. Girmansa ya kai hekta 32, shi ya sa ko an cika ba a rasa wurin shimfiɗa tabarma. Wani ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya zana shi, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi a Disambar 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe renon Ingila zamanin Obasanjo. Rafi ya raba shi biyu. Ɓangaren da ake shigowa yana da doguwar hanya miƙaƙƙiya ta farin dutse, can nan masu ɗaukar hoton aure suke taruwa. Kada ka yada zango a wurin, don dutsen yana riƙe zafin rana har yamma. Ku bi gefe ku nemi gindin itace mai duhun ganye, inda ciyawa ba ta ƙone ba.

Da kun zauna za ka ga amfanin wurin. Yaron da ya wuni a ɗaki ɗaya yana ƙuiya, da ya cire takalmi ya taka ciyawa shi ke nan, ya manta da kai. Cikin minti goma ya samu abokan ƙwallo da bai san sunansu ba, ƙaramar tana birgima tana tashi, uwarsu ta miƙe ƙafa a tabarma ba tukunya ba wanke-wanke, ga Dutsen Aso can yana kallonku. Wallahi wannan hutun ya fi mata komai da za ka saya mata a kanti. Ka tafi da ƙwallo ɗaya ta roba da igiyar tsalle, sun ishe su.

Lokaci shi ne abin da mutane suka fi kuskurewa. A watan Maris da Afrilu kada ku isa kafin huɗu da rabi, rana tana da sauran kaifi. Ku yi la'asar a gida ku fito. Kuma wurin ba na dare ba ne, gab da magariba ake sallamar jama'a, rana kuwa tana faɗuwa wajen bakwai saura kwata. Ke nan kuna da kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda ya isa yaro ya gaji. Wanda ya bar gida ƙarfe biyar daga Kubwa ko Nyanya, a ƙofa zai gamu da masu fitowa. Daga tsakiyar Afrilu kuma ka duba gabas kafin ku fita. Hadarin farkon damina da yamma yake haɗuwa, iskarsa tana karya rassa, gindin itace ba wurin fakewa ba ne.

Guzuri daga gida za a yi shi, nan ne arahar take. Ga ku biyar, ku cika gora uku ta lita ɗaya da rabi da ruwa tun dare, a sa biyu su daskare, ɗaya ta yi sanyi kawai, don a samu na sha da an isa. Kada a cika gorar har baki, ruwa yana kumbura in ya zama ƙanƙara ya fasa ta. In babu wuta, a sayi ƙanƙara a unguwa a naɗe ta da tawul cikin kula. Abin sha kuwa zoɓo, lita biyu. Kunun aya ya fi daɗi, na sani, amma a wannan zafin in sanyi ya sake shi ba ya jimawa zai yi tsami, fura da nono ma haka. A tafi da kankana ɗungurungum da wuƙa a yanka a can, wadda aka yanka tun a gida takan saki ruwa ta yi yauƙi. Sai abin taunawa da ba ya lalacewa: cincin, dambun nama, gyaɗa, ko gurasa. Mangwaro yana araha a lokacin zafi, sai dai yana kiran ƙuda da tururuwa, in za a sha a tanadi ruwan wanke hannu. Kafin a shimfiɗa tabarma a duba ƙasa da kyau saboda cinnaka. A riƙe leda guda ta shara, a bar wurin yadda aka same shi.

Jabi, a gaskiya, yana da iskar ruwa, kuma faɗuwar rana a kan tafkin tana da kyau. Ya dace da ango da amarya. Amma da magariba sauro ke karɓar wurin, kuma mai ƙananan yara uku a bakin ruwa gadi ya je yi. In ka nace sai can, kada yaro ya taka jirgi ba rigar kariya daidai jikinsa, wadda aka ɗaure ta, ba ta manya da za ta zame ta kansa ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sana'ar wuraren nan, duka biyun. Akwai na kirki, akwai kuma masu cin kasuwa da kunyar maigida a gaban iyalinsa. Mai hoto zai ɗauke ku ba ku sa shi ba, ya wanko ya miƙa wa yaro, sannan ya yanka maka farashi. Da ka ga ya saita ku, ka ce a'a tun kafin ya danna. Mai doki da mai jirgi, a yi ciniki kafin yaro ya hau: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na duka, zagayen daga ina zuwa ina, minti nawa. In yaro ya riga ya hau, ba ka da sauran bakin ciniki. Askirim ɗin da ka ga ya canza siffa, ko ƙanƙara ta fito masa a jiki, ya narke ne aka sake daskarar da shi, shi ke ɓata cikin yara. Ruwan gora a duba murfinsa ba a taɓa buɗe shi ba. Wanda ya tare ka da batun kuɗin ajiye mota, ka nemi rasit. Ka riƙe canji ƙanana, don "babu canji" ma hanyar ci ce.

Sai batun mota, wanda a ƙarshe shi ne zai fi cin kuɗinka. Acaɓa ba ya shiga tsakiyar gari, don haka in ba ka da abin hawa, ku hau ta haya daga tasha zuwa Sakatariyar Tarayya, daga nan ku yi shata zuwa ƙofa. Komawar ce abin lura. Kada ka tsaya bakin titi da iyali bayan duhu kana tare duk motar da ta tsaya, 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, ba su daina ba. Ko ka kira ta waya ta Bolt, ko ka karɓi lambar direban da ya kawo ku ya dawo ƙarfe shida. Ranar aiki wurin ya fi sarari, amma komawa Mararaba ko Kubwa za ta faɗa cikin cunkoson ma'aikata. Maganinsa ku biya Masallacin Ƙasa, tafiyar 'yan mintuna ce a mota, ku yi magariba, ku ɗan jira hanya ta sassauta. Asabar ta fi sauƙin hanya, sai dai a yi haƙuri da jama'a. Ranar Sallah da washegarinta kuwa kada ma ka fara.