Kwas ɗin bidiyo kan Brahman: farkonsa ya yi, ƙarshen kuma sai a hankali

Na kammala wani kwas na bidiyo da wani malami ɗan Indiya ke sayarwa a intanet kan Brahman, wato abin da masana falsafar Hindu ke cewa daga gare shi komai ya fito, da shi komai ke rayuwa, gare shi kuma komai zai koma. Gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba, amma fa akwai inda mutumin nan ya ban haushi.

Farkon kam ba magana. Da wata tsohuwar waƙa ta Rigbeda, daɗaɗɗen kundin waƙoƙin addinin Hindu, ya buɗe, ta 129 a littafi na 10, wadda ke tambayar me ke akwai kafin a samu komai, har ta ƙare da cewa wataƙila mai kallo daga can sama ya sani, wataƙila shi ma ɗin bai sani ba. Sai ya gangaro kan Upanishad, wato tsofaffin littattafan falsafar Hindu, ya kawo labarin Uddalaka da ɗansa Shwetaketu, uban ya ce zuba gishiri a ruwa ka zo min da safe, gari ya waye yaro ya laluba babu gishiri, aka ce to kurɓi ta nan ya ji gishiri, kurɓi tsakiya gishiri, can gefe ma gishiri, sai uban ya ce haka asalin nan yake, ba ka ganinsa amma yana ko'ina kuma kai ma shi ne. Yadda ya warware wannan wurin a natse ko ɗan sakandare zai gane, kuma ba wa'azi yake ba, bai ce ka yarda ba, abin da suka ce kawai yake faɗa maka.

Matsalar tana rabi na biyu. Malam ɗin nan ɗan gani-kashe-nin Shankara ne, wani masanin falsafar Hindu wanda ya rayu wajajen ƙarni na 8, mai cewa Brahman kaɗai ne haƙiƙa, bambancin da muke gani ruɗi ne na jahilci. Bidiyo bayan bidiyo Shankara, kai ka ce duk Hindu a kan haka suke. Alhali Ramanuja na ƙasar Tamil ya musa, ya ce rayuka da duniya gaskiya ne, su ne kamar jikin Brahman, shi kuwa Madhwa na yankin Udupi a ƙarni na 13 cewa ya yi sam, Bishnu, wanda shi ne Brahman a wurinsa, daban rai daban har abada. Su biyun nan a bidiyo ɗaya ya cusa su yana sauri sauri. Mazhabar Samkhya da ke cewa asali biyu ne, purusha (ruhi) da prakriti (tushen duk abubuwan duniya), sunanta kawai na ji ya ambata ya wuce.

Sai kiɗan sitar, wani irin molo na Indiya, da suka sa a ƙasa, wallahi wani lokacin har yana danne muryarsa kuma ba wajen kashewa. Rubutun da ke fita a ƙasan bidiyon ma na'ura ce ta yi shi, duk ta dagula sunayen Sanskirit, tsohon harshen Indiya, in za ka saya ka tanadi biro da takarda ka riƙa bincika sunayen da kanka.