Tiritiyam ko nikel-63 a batirin nukiliya?

Batirin nukiliya da ake kira betavoltaic yana samar da wuta ne daga ƙwayoyin lantarkin da sinadari mai tiririn nukiliya, kamar tiritiyam ko nikel-63, ke fitarwa.

Tiritiyam ya fi sauƙin samu, tunda tashoshin nukiliyar Kanada suna samar da shi. Sai dai ƙarfinsa na raguwa da rabi duk shekara 12.3, ga shi iska ne, sai an ɗaure shi cikin ƙarfe irin titaniyam.

Nikel-63 kuwa yakan kai shekara kusan 100 kafin ya rasa rabin ƙarfinsa, amma da tsada. A 2024 kamfanin Betavolt na China ya sanar da batirinsa na nikel-63 mai ƙarfin maikirowat 100 kacal (maikirowat ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na wat).

In na'urar za a harba ta sararin samaniya inda babu mai canza batiri, nikel zan zaɓa.