Ma'aunin zafi ya rage mini jiran kunun zaƙi, amma bai rage mini itace ba

Shekarata takwas ina yin kunun zaƙi na sayarwa a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma hanyar da Inna ta koya mini ita nake bi: a raba ƙullun gero biyu, a dama kaso mai yawa da tafasasshen ruwa, idan ya sha iska a zuba ɗanyen da aka markaɗa da tsiron dawa da busasshen dankali, a rufe sai gari ya waye. Da yatsa muke gwada zafin. Yau ya yi zaƙi, gobe ya fito salam, ban san dalili ba.

Gab da azumi ƙanena ya kawo mini ma'aunin zafi daga kasuwar Sabon Gari a Kano, ɗan siririn ƙarfe kamar tsinken tsire, lamba na fitowa a kansa. Ya ce, "Yaya, ba kwana ne ke kawo zaƙin nan ba, zafi ne." Akwai sinadari a cikin tsiro da dankali mai mayar da dafaffen ƙullu sukari. Ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, idan kuma zafi ya haura 80 sai ya mutu. Ashe ranakun da nake gaggawar zubawa, da hannuna nake kashe shi.

Na jira lamba ta sauko 68, na zuba, na juye a babbar kula na rufe. Bayan awa biyu na buɗe. Damun da ɗazu muciya ke tsayawa a cikinsa ya saki ya tsinke, na ɗanɗana na ji zaƙi tun kafin in sa sukari. Na dama da azahar, na tace da la'asar, aka sha ruwa da shi. Wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Sai na ce bari in rage tafasar ma, tunda itace ya yi tsada. Na sauke ruwan yana 80, ya fara kuka ke nan. Sanyin ƙullun ya janye zafin, bai dahu ba, gasara ta kwanta a ƙasa, ga warin ɗanyen gero. Kwano biyu na yi asara, abin ya yi mini ciwo. Ruwan damu sai ya tafasa yana tsalle.

Kunun awa biyu ba ya da ɗan tsamin nan na kwana. Wani dattijo da ke saye kullum ya kurɓa ya ce, "'Yata, yau kunun yara kika yi." Yanzu na masu son tsami daban nake kwanarwa.

Aibin ma'aunin, ƙarfen gajere ne, ba ya kai tsakiyar tukunya sai na juya sosai, kuma tururi yana dusashe lambar. Batirinsa irin na agogo ne, ba a samu a nan, sai na ba da saƙo ranar kasuwa.